Jawabin Likita Kan Maganin Tsinka Jini

Wani likita ya ja kunnen ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a kan maganin tsinka jini. Ya ce ana ba da shi ga wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, da wanda aka yi wa aikin zuciya, da mai bugun zuciya marar daidai. Wanda aka fi sani shi ne Warfarin. An fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, sannan aka amince mutane su sha a 1954.

Likitan ya ce maganin yana ceton rai, amma in ya yi yawa jini yakan tsinke fiye da kima. Wani lokaci sai ya tsiyaya cikin ƙirji, ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ya matse huhu. Jinin babban mutum kusan lita 5 ne, kuma gefe ɗaya na ƙirji zai iya ɗaukar fiye da lita 2 ba a ga ko ɗigo a waje ba.

Alamomin su ne ciwon ƙirji, da numfashi sama-sama, da jiri, da faɗuwar gaba, da ɗashewar ido da tafin hannu. Ya ce kada a ɗauka sanyi ne a tsaya ana jiƙe-jiƙe. A garzaya asibiti da kwalin maganin a hannu. Can za a ɗauki hoton ƙirji, a ba da maganin da zai karya ƙarfinsa, a sa bututun roba a zuƙe jinin, a yi ƙarin jini in da bukata.

Ya gargaɗi mai shan Warfarin kada ya sayi Aspirin ko Diclofenac ko Flagyl ko Septrin a kemis, domin suna ƙara zubar jini. Kada ya yarda wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga. Ya riƙa zuwa gwajin jinin da ake kira INR, wanda galibi ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3. Zogale da alayyahu suna rage ƙarfin maganin, don haka a ci su daidai yadda aka saba.

Daga ƙarshe ya ce kada tsoro ya sa mutum ya daina sha da kansa, sai likita ya ce. Ya roƙi ɗaliban su karanta wa iyayensu abin da aka rubuta a katin asibiti.