Ɓallewar Tantanin Gani: Abin da Jijiyoyin Jini Ke Nunawa Game da Jinkirin Majinyatan Isa da Sabon Birni



Tun a shekarun 1920 Jules Gonin, likitan ido a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa tantanin gani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido yana ɓallewa ne idan ya yage, ruwa ya kutsa ƙarƙashinsa, kuma toshe yagewar ita ce magani. A farkon shekarun 1970 Robert Machemer ya kawo aikin zuƙe ruwa mai kauri da ya cika ƙwayar ido. Yau a mafi yawan majinyata tiyata ɗaya takan mayar da tantanin mazauninsa. Amma sau da yawa likita zai leƙa ya ga aiki ya yi kyau, majinyaci kuma ya ce har yanzu dishi-dishi yake gani, rubutu yana karkacewa.

Na'urar OCTA, mai ɗaukar hoton ƙananan jijiyoyin jini ba tare da allurar rini ba, ta haskaka wannan. Ƙwayoyin da ke karɓar haske suna samun iskarsu daga shimfiɗar jijiyoyin da ke ƙarƙashin tantanin. Da zarar ruwa ya raba su da ita, sai su fara mutuwa. Bincike da dama sun samu cewa idan ɓallewar ta kai tsakiyar tantanin, wurin da muke karatu da gane fuska da shi, yawan ƙananan jijiyoyin wurin yakan ragu bayan tiyata, kuma idon da ya fi rasa su shi ne ganinsa ya fi ƙin dawowa. Za a ce wannan bai tabbatar da cewa raguwar jijiyoyin ce ta jawo raunin gani ba, tunda man silikon da ake ɗurawa a ido ma yana iya taɓa ma'aunin. Na yarda. Sai dai ko sanadi ce ko tabo, abu guda take nunawa: ɓarnar tana ƙaruwa da kwanakin da tantanin ya yi a ɓalle, kuma wanda aka yi wa aiki cikin kwanakin farko ya fi samun gani.

Mutumin Isa ko Sabon Birni, a Jihar Sakkwato, yana asarar waɗannan kwanaki tun a gida. Ciwon ba ya zafi. Yakan fara da walƙiya a gefen ido, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu yawo, sannan duhu ya taso daga gefe guda. Sai a ce masa yanar ido ce, ya bari ta nuna. Wani ya sayi maganin ɗigawa a kemis, wani ya kai kansa wurin masu tura yana da tsinke, aikin da shi kansa yana iya yaga tantanin. Kafin a haɗa kuɗin mota, a bi hanyar da rashin tsaro ya sa ba a binta sai da rana, a isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wataƙila a ƙara turawa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, makonni sun shuɗe.

Wasu za su ce yanar ido ta fi makantar da jama'a, a bar ɗan kuɗin da ake da shi a can. Gaskiya ne ta fi yawa. Amma mai yana da aka yi wa aiki bayan shekara guda zai gani, mai ɓallewa kuwa wata ɗaya yana iya zame masa asarar dindindin. Abin da nake nema kuma ba shi da tsada: a koya wa ma'aikatan asibitocin Isa da Sabon Birni tambayar walƙiya da duhun gefe, musamman ga wanda aka taɓa yi wa aikin yana, ko ya bugu a ido, ko mai sikila. A haɗa su da likitan ido a Sakkwato ta waya, a tura irin wannan majinyaci a ranar da ya zo.