Tumatir da Cutar Murɗewar Ganye: Magani Yana Cikin Iri

Duk wanda ya taɓa ratsa lambunan noman rani a Kadawa ko wata fadama ta ƙasar Hausa, ba mamaki ya ga tumatir ya tsumbure, ganyensa ya murɗe ya yi rawaya, furensa yana kakkaɓewa tun bai ƙulla 'ya'ya ba. Mai kawo wannan ɓarna wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairas, kuma farin ƙuda ne yake ɗauko ta daga shukar da ta kamu ya kai wa mai lafiya. Abin lura shi ne, muddin bairas ya shiga jikin shuka, babu feshin da zai fitar da shi. Feshi ƙudan kaɗai yake kashewa, shi ma ƙudan yakan saba da maganin.

To, da masana suka ga haka, sai suka koma neman magani a cikin irin kansa. Asalin tumatir daga yankin tsaunukan Andis yake, a Amurka ta Kudu, inda har yau danginsa na daji suke tsirowa a ƙasashen Peru da Chile. 'Ya'yan da yawa daga cikinsu ƙanana ne, kore, ba su shiga miya, amma waɗansu suna da juriyar da ta gida ta rasa. Sai a ɗebi garin furen na daji a barbari na gida da shi. Abin da aka samu rabinsa halin daji ne, don haka a sake barbararsa da na gida. A kowane zagaye rabon daji yana raguwa da kimanin rabi, wato daga kashi 50 cikin 100 zuwa 25, zuwa 12 da rabi, ana zaɓen masu juriya ana zubar da saura. Aiki ne na shekaru, sai mai haƙuri.

Ta irin wannan hanya aka fitar da iri mai suna TY-20 a Isra'ila a 1988, kuma a 1994 aka gano mazaunin ƙwayar gadon juriya da ake kira Ty-1, wadda aka samo daga tumatirin daji na Chile.

Amma fa kada a ɗauka an gama yaƙi. Alal misali, akwai wata ƙwayar gado daga tumatirin daji na Peru wadda ta tsare tumatir daga cutar dabbare-dabbaren ganye fiye da shekara 40. Sai ga sabon bairas mai ɓata fatar 'ya'yan ya ɓulla a Isra'ila a 2014, da Jodan a 2015, ya karya wannan kariya, ya bazu zuwa Turai da Amurka.

Darasin da ke nan ga ɗalibai da ma'aikatan gwamnati guda biyu ne. Na farko, binciken iri ba aikin da ake yi sau ɗaya a rufe ofis ba ne, yana bukatar kuɗi da kulawa kowace shekara. Na biyu, yawancin iri masu juriya 'yan aure ne, idan manomi ya ɗebi iri daga amfaninsu ya shuka baɗi, halayensu sukan rarrabu, juriyar ta ɓace a jikin waɗansu. Wajibi ne malamin gona ya fayyace masa wannan tun kafin ya zuba iri a rani mai zuwa.