Adireshin Zahiri da Adireshin Aro a Cibiyar Babbar Manhajar Kwamfuta



Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san yadda ake neman fayil. Ma'aikaci yakan rubuta lamba ya aika ofishin rajista, ba ruwansa da ɗakin da aka ajiye fayil ɗin, balle kantar da yake kai. Akawun rajista ne ke riƙe da littafin da ya haɗa kowace lamba da mazauninta. In ya rikita lambar fayil da lambar kanta, sai takardar sallamar wani ta faɗa cikin fayil ɗin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Irin wannan amana ce ke wuyan cibiyar babbar manhajar kwamfuta, watau sashen nan da ke raba ma'adana tsakanin sauran manhajoji, wanda kuma shi ke da ikon taɓa kayan injin kai tsaye.

Ma'adanar aiki ta kwamfuta jerin gurabe ce, kowane gurbi yana ɗaukar bayit guda, kowanne kuma da lambarsa. Wannan lamba ita ce adireshin zahiri, da ita manhajojin farko suka yi aiki. Cikin shekarar 1962, a Jami'ar Manchesta ta Ingila, aka ƙaddamar da kwamfutar Atlas, wadda Tom Kilburn ya jagoranci ƙirarta. A cikinta aka yanka ma'adana shafi-shafi, kowane shafi kalmomi 512, aka ba manhaja adireshin aro, sa'an nan injin ya riƙa juya na aro zuwa na zahiri. Dabarar ta ɗore har yau, sai dai shafi a yawancin injuna bayit 4096 ne, cibiya kuma ita ke rubuta rajistar shafuffukan da ake dubawa wajen juyin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Da zarar an kunna wannan tsari, ita kanta cibiyar ba ta da hanyar isa ma'adana sai ta adireshin aro, alhali kuwa kullum tana riƙe da adiresoshin zahiri domin ta cika rajista da su. Dukansu lambobi ne, ido ba ya rarrabe su, harshen C kuma, wanda da shi aka rubuta mafi yawan cibiyar Linux tun da Linus Torvalds ya fara ta a 1991, yana barin marubuci ya ɗauki kowace lamba ya ce adireshi ce. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ƙaramar manhaja in ta nufi gurbin da ba nata ba, cibiya takan tsayar da ita nan take. Cibiya kuwa ba ta da na gaba da zai tsawata mata. In an yi sa'a injin ya tsaya cik, a gane akwai kuskure. In ba a yi sa'a ba, lambar ta dace da wani shafi mai rai, sai a rubuta a kan bayanan wani shiru, ɓarnar ba za ta fito ba sai bayan an kwashe ta an adana.

Saboda haka ka'idar farko ita ce, adireshin zahiri ba a bin sa sai an yi masa ƙofa cikin rajista. Lalle ne kuma a san abin da ke bayan ƙofar, gama ba kowace lamba ce ma'adana ba. Alal misali, a kwamfutocin da suka gaji ƙirar IBM PC, daga lamba 753,664 ma'adanar rubutun allo mai launi ta fara, abin da aka ajiye nan sai ya bayyana a fuskar allo. Waɗansu lambobin kuwa makunnan na'urori ne, har karanta su kawai yakan sauya halin na'urar. Don haka a Linux marubuci yakan nemi a keɓe masa yankin tukuna, ya buɗe shi da umarnin ioremap, ya karanta ya rubuta ta hanyar umarni irin su readl da writel kaɗai, in ya gama ya rufe da iounmap.

Ka'ida ta biyu ta shafi faɗin mazubi. Inji mai bit 32 ba ya iya ƙirga adireshin aro fiye da gigabayit 4. Amma a 1995 kamfanin Intel ya fito da Pentium Pro, wanda ya faɗaɗa adireshin zahiri zuwa bit 36, watau gigabayit 64. Tun daga nan na zahiri ya iya fin na aro tsawo. Marubucin da ya zuba adireshin da ke kan gigabayit 5 cikin mazubi mai bit 32, kansa zai guntule ya koma gigabayit 1, inda wani ke da ajiya. Muninta shi ne, kuskuren ba ya nuna kansa a ƙaramin injin da aka yi gwaji, sai a babban injin da aka ɗora wa aikin jama'a. Wannan ya sa Linux ta ware wa adireshin zahiri mazubi nasa mai suna phys_addr_t, wanda faɗinsa ke bin faɗin injin.

Ka'ida ta uku ta na'urorin da ke shiga ma'adana da kansu ce, kamar katin sadarwa da faifan ajiya. Waɗannan suna da nasu adireshi na uku, wanda a wani injin yakan yi daidai da na zahiri, a wani kuma ya saɓa, domin akwai mai gadi tsakani da ake kira IOMMU, mai nasa littafin rajista. Wanda ya miƙa wa na'ura adireshin zahiri tsirara ya dogara ga dace ne kurum. Wanda kuma ya buɗe mata fiye da bukatarta ya yi sakaci da asirin jama'a. A 2019 masu bincike na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsu, cikin aikin da suka kira Thunderclap, sun nuna cewa muguwar na'urar da aka soka ta kafar Thunderbolt tana iya leƙa bayanan da ba nata ba ko da mai gadin yana aiki, domin shafi sukutum ake buɗe mata, ga kuwa ajiyar waɗansu a gefen tata.

Da yake mantuwa halin ɗan Adam ce, masu wannan sana'a ba su bar al'amarin ga kulawar marubuci kaɗai ba. A 2003 Torvalds ya rubuta manhajar bincike mai suna Sparse, wadda ke bin rubutun cibiya tana yin kashedi duk inda aka cuɗa adireshin da aka yi wa alamar na'ura da na ma'adana. A ƙarshen 2022 kuma aka buɗe wa harshen Rust ƙofa cikin Linux, harshen da in an ba kowane irin adireshi nasa suna, yakan ƙi haɗa manhajar da ta sa wani a gurbin wani. Rigakafi dai ya fi magani.

Ɗalibin da zai shiga wannan fage, ya saba wa kansa da tambayoyi uku a kan kowace lamba da ta zo hannunsa: wane irin adireshi ce, wa ya ba da ita, ina kuma iyakarta. Ma'aikacin da aka ɗora wa kula da injunan ofis kuwa, ya sani cewa manhajar da ke tuƙa kowace sabuwar na'ura galibi cikin cibiya take zama, da cikakken ikon cibiya. Kada ya yarda a ɗora wadda ba a san asalinta ba a kan injin da ke riƙe da albashi da fansho na mutane, kada kuma ya yi jinkirin sa gyare-gyaren da masu babbar manhaja ke fitarwa.