Jawabin malamin lakwal a kan filin wasan yara

 

Maganata a kan filin nan ce da ke tsakanin lakwal ɗinmu da CEG. Da safe ƙananan yara ke motsa jiki a ciki, da marece 'yan kwalej su buga balo. Amma ba shinge, ba takarda. Bara an ci gefensa da shukar gero, bana wani ya jibge bulo. Kwalej ta ce namu ne, mu kuma mu ce nata ne, shi ya sa in kwamin ta zo rabon kuɗin lakwal babu mai sa shi cikin lissafi.

Wasu na cewa wasa ba karatu ba ne. To, a jarrabawar BEPC ana gwada gudu da tsalle, maki ake ba yaro. Lambar farko da Nijar ta ci a wasannin Olimpik, Issaka Dabore ne ya ciwo ta da dambe a 1972. Sai 2016 Alfaga ya kawo ta biyu. Shekara 44 muna jira!

Ina roƙon kwamitocin iyaye na makarantun biyu su rubuta takarda guda zuwa kwamin: a auna fili, a kafa iyaka, a sa kuɗin sandunan gola da ramin tsalle cikin kasafi. Shinge kuwa namu ne. Samari su dasa dogon yaro da damana, da gayya irin ta Samariya a zamanin Kunce. Marecen Laraba kuma a bar wa 'yan mata.