Tsohon Keken Baba: Kafin Ka Kira Ɗan Jari Bola

Yau zancen keke za mu yi, tsohon keken nan da ke jingine a zaure ko a bayan ɗaki, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa, kaji na kwana a kan kariyarsa. Gidaje da yawa akwai irinsa, kuma yawanci ƙarshensa ɗan jari bola ya ɗora a sikeli ya biya kuɗin ƙarfe.

Me ya sa na ɗauko wannan maganar yanzu? Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a 2024. Ɗalibi ya san abin da kuɗin adaidaita ke ci a aljihunsa, mai koyon sana'a ma ya sani. Akwai yaran da ke fashin makaranta saboda kuɗin mota kawai. To ga abin hawa a gida wanda ba ya shan mai, mu kuma muna jin kunyar hawansa, wai kar a ce mun talauce. Ni dai a ganina wannan kunyar tsada take mana.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Kekunan iyayenmu yawanci uku ne: Raleigh, da Phoenix, da Hero. Raleigh daga birnin Nottingham na Ingila ya fito, kamfanin ya faro tun wajajen 1887, kuma har a Kano an taɓa samun masana'antarsa. Za ka gane shi da tambarin kan zalɓe a goshin keken. Phoenix na Shanghai ne a ƙasar Sin, Hero kuma na Ludhiana a Indiya, an kafa shi a 1956. Dukkansu ƙarfe ne mai nauyi, tayarsu inci 28, birkinsu na sanda. An ƙera su don ɗaukar kaya a hanyar da ba kwalta, shi ya sa har gobe ake ɗora musu buhu. Idan naka mai giya ne na Sturmey-Archer, goge gangar tayar baya, sau da yawa za ka ga an buga wata da shekarar da aka yi ta.

Kafin ka taɓa sifana, nemi izini. Idan Baba na da rai, je ka durƙusa ka ce, "Baba, ina so in tayar da keken nan, a ba ni dama." Idan ya rasu, keken ya zama gado, akwai haƙƙin 'yan'uwanka a ciki. A zauna a daidaita tukuna.

Sai dubawa. Kalli firam ɗin da kyau, musamman mahaɗar bututu, ko akwai tsagewa. Tsaya ta gaba ka duba ko ƙafafun da ke riƙe tayar gaba sun lanƙwashe. Tsatsar sama ba komai ba ce. Amma idan ta ci ƙarfen har ya huje, kai wa mai walda ya gani, don kar ka kashe kuɗin fenti a kan abin da zai karye da kai a titi.

Yanzu kwancewa. Ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka kafin ka cire shi, sandunan birki musamman, don suna rikita mutum wajen mayarwa. Kowane rukunin noti da ledarsa. Ƙirga boris ɗin da ka fitar daga kowane wuri. Fedar hagu a juye zarenta yake, ta ɓangaren dama ake kwance ta, mutane da yawa a nan suke lalata ta. Sannan tsofaffin Raleigh na Ingila zaren notinsu daban yake da na sauran kekuna, don haka kar ka yar da tsohon noti da tunanin za ka samu sabo a kasuwa. Wanda ya cije, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana. Sarƙa da boris kuma a jiƙa su a kananzir, a goge da tsohon buroshi.

Fararen ƙarafan nan masu ƙyalli, wato kan keken da rim da ƙararrawa, kar ka sa musu samfefa, za ta kankare ƙyallin. Dunƙule takardar aluminiyam, ka tsoma a ruwa ka goga, za ka sha mamaki. Ƙananan kayan da tsatsa ta kama sosai, jiƙa su a binega su kwana, ka wanke, ka busar nan take, ka shafa mai.

To, ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: dole ne a sake fenti? Idan baƙin fentin asali da siraran layukan nan masu ruwan zinare suna nan, wanke kawai ka shafa man ƙyalli. Da tsohuwar zuma ake magani. Fentin kamfani gasa shi aka yi, na gwangwani ba zai kai shi ƙarko ba.

Idan kuma fentin ya mutu, a nan nake so ku saurara da kyau. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Mun san abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu. Can daga haƙar zinare ne, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi yi wa illa. Saboda haka a jiƙa samfefa da ruwa a goga don ƙura kar ta tashi, a sa takunkumi, a yi aikin nesa da madafa da wurin wasan ƙanne, a kwashe dattin a wanke hannu.

Fara da samfefa mai kaushi, ka gama da mai laushi. Goge maiƙo tas. Rufe tambarin da duk wurin da zare yake da salatif. Rataye firam ɗin da waya, ka fesa firaima mai hana tsatsa. Bayan ta bushe sai fenti, shafi biyu ko uku marasa kauri, gwangwanin na nesa da ƙarfen kamar taƙi ɗaya. Mai gaggawa ya zuba da kauri, sai fentin ya yi hawaye. Kar ka fesa ranar da hazo da ƙura suka taso, ko ranar da hadari ya haɗo. Ka bar shi aƙalla mako guda ya yi tauri kafin ka haɗa.

Wajen haɗawa, sabon giris, sabbin boris, sabon tif da taya, sabbin robobin birki. Birkin sanda a kan rim na ƙarfe ba ya kamawa sosai in an yi ruwa, don haka a damina a rage gudu. Sa fitila da abin ƙyalli a baya. Daidaita waya-wayan taya kuwa aikin gwani ne, kai wa dattijon mai gyaran keke na unguwarku, ka zauna ka kalla, ka biya shi haƙƙinsa. Waɗannan dattawan suna ƙarewa, kuma matasa ƙalilan ne ke zama a gabansu.

Ga abin da nake roƙo. Ranar 3 ga Yuni ita ce Ranar Keke ta Duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta a 2018. Kafin ta zagayo, kowace majalisar samari ta tayar da keke ɗaya, a haɗa kuɗin kayan, a ba wani yaro a layinku da makaranta ta yi wa nisa. Sannan mu riƙa tambayar kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi: in ana sabon titi, ina gefen masu keke?

Wanda ya fara aikin ya turo mana hoton kafin da na bayan gyara, za mu sa a shafi. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, Ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.