Kowane yaro da itacensa: laccar da aka gabatar a Kurni



Ba ni ne zan koya wa mutanen ƙasar Matamaye darajar itace ba. Bayan farin 1973 da yunwar 1984, manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka daina tumɓuke tohon gawo, suka rungumi sassaben zamani, har gonakin da suka yi fayau suka sake yin inuwa. Masu bincike daga ƙasashen waje sun zo sun gani da idonsu. Roƙona yau shi ne wannan ƙwarewa ta shigo tsakar gida da garka, kuma a danƙa ta ga yara.

In an ce a danƙa, to a danƙa da gaske. Yaron da ake tasa da asuba ya yi ban-ruwa a garkar babansa, aiki yake yi. Amma wanda aka kama hannunsa aka ce masa, "Wannan gwaba taka ce," ba sai an tashe shi ba. Shi zai kori akuya, shi zai je ya yanko ƙaya ya kewaye dashen, shi zai ruga ya ce, "Inna, fito ki ga, ta yi fure!" Wannan murna ba a sayen ta a kasuwar Matamaye.

A fara masa da gwanda, domin haƙurin yaro gajere ne, ita kuwa cikin shekara guda take haihuwa. Sai gwaba da lemun tsami. Mangwaro mai aure yakan ba da ƴaƴa a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, don haka shi na babban yaro ne. Ku lura da lokacin da yake nuna: Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa. Mangwaro da gwanda suna da sinadarin bitamin A mai kare idon yaro, gwaba kuma tana cike da bitamin C.

Ina so in daɗe kan magarya, don mun raina ta. A cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai, an yi aiki sosai kan aura mata irin magaryar Indiya, wadda ƴaƴanta suka ninka namu girma, ga nama ga zaƙi. Saiwar tamu ce, mai jure ƙishi, reshen ne kawai baƙo. Auren itace kuwa ba ya wuce wuƙa mai kaifi, da leda, da hannu mai natsuwa. Yarinya ƴar shekara 12 za ta iya, kuma ranar da auren da ta ɗaura ya tsiro, sai duk unguwa ta ji labari.

Na san za a ce ruwa. Ba kowa ke da fadama irin ta Korama ba, inda rake ke tashi. Amma kowane gida ana alwala, ana wanke hatsi, ana ɗauraye ƙwarya. A haƙa ramin dashe inda wannan ruwan ke zuba, ban da mai sabulu da yawa. A sa taki ruɓaɓɓe, a barbaɗa toka saboda gara, a rufe gindin da ƙaiƙayi don kada danshi ya gudu.

Iyaye, in itacen ya haihu, a bar mai shi ya tsinki na fari, ya kai wa kakarsa da hannunsa. In ya sayar da saura, kuɗin littafi ne da alƙalami.

Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ita ce kuma sallar dashen itace a Nijar, kuma tana faɗowa tsakiyar damina. Malamai, a sa ƴan makaranta su cika ledojin reno da ƙasa da taki tun yanzu, domin dashen ya isa kafin ranar.