Jawabi a kan sayen lasifika maras igiya



Kaka ta yi, an sayar da wake da gyaɗa. Ranar kasuwa, mutane da yawa za su sayi lasifikar nan da ake haɗawa da salula ba tare da igiya ba. Sunan wannan hanya Bluetooth. Kuɗin gumi ne za ku fitar, don haka ku saurara.

Na farko, kada yawan ƙara ya ruɗe ku. A ƙauyen da babu lantarki, batir shi ne ran lasifika. Ku duba lambar da aka rubuta kusa da haruffa mAh. In lambar ta fi yawa, batir ya fi riƙe caji. Ku zaɓi wadda ƙaramin farantin hasken rana zai iya cika ta.

Na biyu, ku nemi mai rediyon FM a ciki, don ku ji labarai da farashin hatsi ko salula ta mutu.

Na uku, ku gwada ta gaban mai kanti kafin ku biya.

In kun zo gida, ku kunna Bluetooth a salula, ku taɓa sunan lasifikar. Tsakaninsu kada ya wuce mita 10, kuma katangar ƙasa tana rage nisan. Ku ajiye ta a inuwa, sama da ƙasa, don zafin rana yana kashe batir. Da dare ku rage murya: maƙwabci yana da hakki.

Allah ya sa albarka.